Bajamushiya Ta Yi Shiru a Karm al-Loz

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta rasa inda za ta sa kanta, iyalan Wafik al-Halwani, wanda aka fi sani da Abu Gassan, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk mai tsohuwar rediyo a unguwar Karm al-Loz, a kan tudun da ke kallon Bairut, rasuwar na'urarsu ta watsa shirye-shirye, wadda ake kira Bajamushiya. Ta cika ranar Litinin da ƙarfe bakwai da minti huɗu na safe, a ɗakinta na saman bene, tana tsakiyar aiki. Ta yi shekara arba'in a hannunsu. Shekarun da ta yi kafin nan kuwa, Allah kaɗai ya san adadinsu. An rubuta wannan sanarwa a takarda an manna a bango, domin wadda ta saba faɗar rasuwar kowa a unguwar ita ce yau a kwance.

Wanda aka fi yi wa rashi shi ne Abu Gassan, kuma kada wani ya ɗauka ƙarfe da wayoyi yake yi wa kuka. Shekara huɗu ke nan da mantuwar tsufa ta kama matarsa, Sitt Samiha. Ta fara da makulli da sunayen jikoki, daga baya ta shafe mata fuskar mijinta. Idan ya shigo ɗaki sai ta gyara ɗankwali ta ce masa Kawu, ta tambaye shi wa yake nema. Amma da ƙarfe bakwai na safe, idan ya ja ƙafa ya hau saman bene ya kunna Bajamushiya ya yi sallama, sai ta ɗaga yatsa a gaban rediyonta ta ce kowa ya yi shiru, mijinta na magana. Rabin awa yake da mata a kowace rana, kuma marigayiya ce take ba shi wannan rabin awar.

Marigayiya ta zo unguwar a tsakiyar yaƙin basasa, cikin akwatin da aka rubuta wa firji. Maza shida suka ɗauke ta zuwa saman bene, biyu daga cikinsu har suka koma ga Allah suna kukan ciwon baya. Wanda ya sayar da ita ya rantse daga Jamus take, sunan ya bi ta. Mu'allim Krikor, mai gyaran lantarki wanda ya zama likitanta tun daga ranar, ya buɗe cikinta ya ce ya ga ƙasa huɗu a ciki, babu Jamus ko ɗaya. Ba ta taɓa musa wa kowannensu ba.

Da sunan Muryar Tudu ta fara. A lokacin ba waƙa ake nema ba. Ita ke faɗin wace hanya ce a buɗe, wane gidan burodi ne ya samu fulawa, a wane famfo ruwa ya zo, wane yaro ne ya fita tun jiya bai dawo ba. Abu Gassan na gaban makirufo, Sitt Samiha na gefensa riƙe da tarho tana rubuta saƙonni a bayan takardun makaranta. Akwai mutane a unguwar nan da suke raye yau saboda ta ce kada a bi ta gada, kuma wasunsu sun wuce ƙofar gidan wannan makon ba su ko ɗaga kai ba.

Da yaƙi ya ƙare, labarin hanya ya daina ciniki, sai ta koma Rediyon Masoya. Shekara shida tana ɗauke da gaisuwar samari zuwa ga 'yan matan da ba a faɗin sunansu, sai dai a ce mai shuɗin labule ta hawa na uku. Ta haɗa aure da yawa, ta kuma jawo wa Abu Gassan mari ɗaya daga wani uba. Daga nan aka yi dokar lasisi. Manyan tashoshi suka samu, ƙanana aka ce su rufe. Abu Gassan bai samu ba, bai kuma rufe ba. Ya sa Mu'allim Krikor ya rage mata murya har ta daina wuce gangaren tudu, ya ɓoye eriya a bayan tankin ruwa. Wadda a da ake ji har cikin jiragen masunta ta koma hira da layi tara, kuma ba a ji ta yi ƙorafi ba.

Bayan haka babu rigar da ba a sa mata ba. Ta yi sharhin ƙwallon unguwa, inda mai sharhin ke kallon fili daga saman bene yana ƙirƙiro rabin da gini ya tare masa. Ta yi karatun Alƙur'ani a watan azumi, ta yi ƙararrawar coci ranar Lahadi, domin tudun na kowa ne. Da Gassan, babban ɗan gidan, ya gama jami'a, ya ce tashar ta tsufa, ya mai da ita Tudu FM, ya ɗura mata kiɗan Turawa mai dukan ƙirji. Tsofaffi suka kashe rediyo, samarin da aka yi dominsu kuwa ba su taɓa kunnawa ba. Bayan wata goma sha ɗaya ya tattara ya tafi Abijan ya buɗe shagon taya, ya bar uwar da ciwon kai, ya bar marigayiya da zazzaɓi. Sai ta koma tallan mai nama da mai gyaran takalmi, da sanarwar lokacin da janareton unguwa zai tashi. Su ma waɗannan wayar hannu ta zo ta ƙwace. A ƙarshe shiri ɗaya ya rage mata, na ƙarfe bakwai, mai sauraro ɗaya, hawa biyu a ƙasanta.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kunya, ba ta fara magana sai ta yi gyaran murya. In an kunna ta sai ta ce “hmmmm” na minti guda, sannan “ƙas, ƙas,” sannan wani siririn “tsiiii” da ke bin bayan kowace kalma. Babban halinta shi ne rufa asiri. Muryar Abu Gassan ta tsufa kamar ta kowa, tana rawa, numfashi na yanke ta. Amma idan ta bi ta cikin Bajamushiya sai ta fito da kauri da ɗumi, kamar ta mutumin da bai kai arba'in ba. Shi kansa bai san irin alherin da take yi masa ba sai da ta tafi.

Ciwon ajali ya fara ne da sanyin Janairu. Gyaran muryarta ya tashi daga minti ɗaya zuwa biyar, ta fara wani “kuf, kuf” da ba a san ta da shi ba. Hankalin Abu Gassan ya tashi. Ya yi mata abin da ake yi wa duk tsohon da ke tari a wannan tudun: ya ɗauko bargon ulu mafi kauri a gidan ya lulluɓe ta, ya tura gefen bargon ta baya don kada iska ta shiga. Ta bayan nan fankarta take shaƙar iska. Ranar Litinin ya kunna ta tun kafin bakwai, ya yi sallama, ya fara faɗin cewa an ga dusar ƙanƙara a kan duwatsu, sai ya ji “fat,” sai ƙauri. Ya ci gaba da magana har kusan minti biyu kafin ya yarda cewa shi kaɗai yake jin kansa.

Mu'allim Krikor ya zo da hantsi, yana hutawa a kowane hawa, shi ma ya haura shekara tamanin. Ya ɗaga bargon da yatsu biyu ya daɗe yana kallonsa.

“Wafik, bargo ka lulluɓa mata?”

“Tari take yi, Mu'allim.”

“Shekara arba'in ina gaya maka iska take so. Ai da ka dafa shayi ka ɗura mata, ka cika ladanka.”

Abu Gassan ya janye bargon. Mu'allim ya zaro kwalbar gilashin da ke tsakiyarta, wadda ita ce zuciyarta, ya nuna masa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce mutum ɗaya ya sani mai ajiye irinta, kuma da shi aka je jana'izar mutumin. Gassan ya bincika daga Abijan har ya gaji, kwalaben da ya samo duk ba sa shiga gurbinta. Da Mu'allim zai sauka, fushinsa ya riga ya huce. Ya dafa kafaɗar abokinsa ya yi masa gaisuwa kamar yadda ake yi in an yi rashin mutum.

Iyalan suna so a sani cewa ba su zauna sun naɗe hannu ba. Dalal, 'yar gidan da ke jinyar uwarta, ta ɗauki muryar uban a waya ta kunna mata. Sitt Samiha ta ce mijinta ba ya magana a cikin madubi. Sai Dalal ta sayo wata 'yar na'ura mai tura murya cikin rediyo daga nesa kaɗan. Ranar Laraba Abu Gassan ya zauna a kujera a bayan ƙofa, ya riƙe ɗan makirufo, ya yi sallama daidai ƙarfe bakwai. Muryarsa ta fito tas, babu gyaran murya, babu kauri, yadda Allah ya bar masa ita. Sitt Samiha ta saurara kaɗan, sannan ta juya wajen 'yarta.

“Wannan tsoho ne. Kashe, kada ya cinye mini batir kafin Wafik ya fara.”

Yana bayan ƙofa ya ji. Ya ajiye makirufon a cinya, ya zauna a nan har gahawarsa ta huce. Mai rubuta wannan sanarwa ya san shi tun suna yara, ya gan shi a ranakun da ake ruwan harsashi, bai taɓa ganinsa a irin wannan hali ba. Babu wanda zai kai ƙara, babu wanda zai roƙa, kuma hannun da ya yi ɓarnar nasa ne.

Marigayiya ta bar eriya ɗaya a bayan tanki, wadda har yanzu ba a gaya mata ba. Ta bar makirufo mai ɗaure da zaren ɗinki, da kaset ɗari uku da wani abu, da agogon bango mai saurin minti biyu. Ta bar Mu'allim Krikor ba majinyaci. Ta kuma bar wata ƙaramar rediyo mai rigar fata a hawa na biyu, wadda ake kunnawa kowace safiya tana shuuu ita kaɗai.

Za a sauko da gawar da igiya ta bayan gini ranar Asabar bayan azahar, saboda babu sauran maza shida masu ƙarfin bayan da za su ɗauke ta ta matakala. Mai sayen tsohon ƙarfe ya yi alkawarin zuwa da motarsa, ya kuma yarda ba zai sa mata guduma a gaban gidan ba. Mu'allim Krikor ne zai cire wayoyin da hannunsa.

Za a karɓi gaisuwa kwana uku a hawa na biyu, daga la'asar zuwa magariba. Akwai roƙo ɗaya da iyalan ke yi wa masu zuwa. Ranar Alhamis da safe, bayan ta jira har takwas, Sitt Samiha ta buɗe kabad da kanta ta sa baƙaƙen kaya. Ta ce ta san mijinta, ba zai yi shiru safiya uku a jere yana da rai ba. Sau biyu aka yi ƙoƙarin gyara mata, aka kawo shi gabanta aka ce ga shi, sau biyun ta firgita ta yi kuka har numfashinta ya sarƙe, likita ya ce a bari. Saboda haka ita ce za ku tarar a kujerar tsakiya tana karɓar gaisuwa. A yi mata ta'aziyya yadda take so, a yabi mijinta, ya cancanta. Jiya da Abu Gassan ya kawo mata ruwa, ta dube shi da tausayi ta ce, “Kawu, ka san shi kuwa?” Ya ce ya san shi. Ta ce, “Da ka ji muryarsa.”

Gahawa ba sukari za a sha, kamar yadda aka saba. Dattijon da zai miƙo muku ita a bakin ƙofa, don Allah kada a kira shi da sunansa.