Ranar da Banki Ya Zo Gaida Baba Malam

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da ma'aikaciyar banki ta shigo gidanmu na unguwar Alabar a Kumasi ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidan ba za su bar ni ba. Har yau idan na tuna sai in ji gajiya ta sauko mini daga wuya har gwiwa, irin gajiyar wanda ya yi dako bai karɓi lada ba.

Bari in fara daga ɗaki, don can matsalar take. Ni malamin makarantar gwamnati ne (Ticha kowa ke ce mini, har sunana na yanka ya kusa ɓacewa), kuma a gidan gado nake zaune, wanda kakanmu ya gina da kuɗin goro. Gida ne babba, amma mu ma mun yi yawa. Rabona ɗaki ɗaya ne da ɗan baranda, ni da matata Memuna da yara uku. Babbarsu Sadiya ta fara zama budurwa, sai muka ja labule a tsakiyar ɗakin. Kullum da safe nakan kwashi ƙannenta mu fita tsakar gida, in tsaya ina goge haƙoran da na riga na goge, don yarinya ta samu ta sa kayan makaranta. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma shirun nan nata ne ya fi cin raina.

Shi ya sa da na ga wani ɗan gida mai ɗaki biyu da falo can gaba da Sofoline ana sayarwa, na kasa zaune na kasa tsaye. Albashin ticha ba ya sayen gida, wannan ko yaro ya sani. Wani abokin aikina ya ce in gwada banki, suna ba ma'aikatan gwamnati bashin sayen gida, su riƙa cira daga albashi har mutum ya tsufa. Na ce ai tsufan na riga na fara, bari in je.

Nan na haɗu da Madam Adwoa, wata 'yar Asante mai haƙuri da tarbiyya (ku riƙe wannan kalma ta tarbiyya, ita ce ta kashe ni). Watanni na yi ina tashi daga makaranta in hau trotro, motar haya, zuwa ofishinta. Yau takardar albashi, gobe bayanin asusu, jibi wasiƙar shugaban makaranta. In kai wannan a ce waccan ta tsufa, a sake wata. Ga kuɗin kafin alƙalami da sai ka ajiye naka kafin su sa nasu. Ga takardar filin, wadda mai gidan ya ce sarkin yankin ne ya ba shi, banki kuma ya ce su ta gwamnati suke so. Takalmina ɗaya ya mutu a wannan hanya.

Sai kuma zaɓi. Ni na ɗauka bashi bashi ne, ashe dangi ne da su. Akwai na sayen gida gamamme, akwai na gini, akwai na ƙarasa ginin da ya tsaya. Akwai na sidi, kuɗin ƙasarmu, akwai na dala. Na dala ruwansa kaɗan ne, har na fara murmushi, sai Madam ta tambaye ni da wane kuɗi ake biyana albashi. Na ce sidi. Ta ce to in sidi ya faɗi, bashina ne zai tashi. Na mayar da murmushina. A na sidin ma akwai wanda ruwansa ke tsaye wuri ɗaya, mai tsada amma ka san inda kake, akwai kuma mai hawa da sauka, wanda za ka fara da sauƙi ka ƙare da addu'a. Ta ce in je in yi tunani. Na yi ta tunani har na rame ban zaɓa ba.

To duk wannan wahalar jiki ce. Ta zuciya tana zauren gidanmu. Maigidanmu Baba Malam ne, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Manyan 'yan kasuwa ke zuwa ɗaukar karatun littafi a wurinsa bayan la'asar, kuma kowa a Alabar ya san matsayinsa a kan kuɗin ruwa. Mu jikokin malamai ne, ko asusun ajiya ma da kyar ya yarda muka buɗe. Da ina da hankali da na yi shiru. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, sai na ƙirƙiro aboki.

Na zauna a gefen buzunsa na ce, "Baba, akwai wani abokina da ke son cin bashin banki ya sayi gida. Na ce bari in tambayar masa."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi mini bayani mai tsawo. Ni kuwa, maimakon in ce to in tashi, sai na shiga girgiza kai ina cewa, "Wallahi Baba na faɗa masa, ba ya ji. Allah dai ya shirye shi." Ɗalibai suka ce amin. Ni na fi kowa ɗaga murya.

Daga ranar aboki ya zama ɗan gida. Duk sanda na gaida Baba Malam sai ya ce, "Ina labarin abokinka?" Ni kuma in ƙara masa kaya. Na ba shi gida a Ayigya Zango, na ba shi mata mai matsa masa, na ba shi taurin kai. Har addu'a aka yi masa bayan karatu, ni ma na shafa. Memuna ta ce, "Maigida, ka bar abokin nan ya huta, wata rana zai shigo mana da ƙafarsa." Na ce ta bar ni, na san abin da nake yi.

Mataki na kusa da ƙarshe shi ne banki ya zo ya ga inda nake zaune da idonsa. Na roƙi Madam ta kira ni kafin ta taso. Shirina in tare ta a bakin titi, in nuna mata ƙofar gida daga nesa, in saya mata lemo, in sa ta a mota. Ranar da ta taso kuwa tun safe babu wuta, wayata ta mutu a aljihu, ga taron malamai da ya ƙi ƙarewa. Ta kira ba ta same ni ba, sai ta yi abin da kowane baƙo ke yi a Zango, unguwannin Hausawa, ta tambayi mai koko ina gidan Ticha. A Alabar ba a nuna wa baƙo hanya da yatsa, rako shi ake yi har ciki.

Ina shan kwanar gida na ci karo da Mma Lariba, wata tsohuwa da ke haya a gidanmu, tana murna, da Hausarta mai mayar da kowa namiji.

"Ticha, baƙon ka ya zo! Mace ne, ya sa takalmi mai tsini. Ya gai da Malam, ya sha ruwa, kai kawai ake jira."

Ga wanda bai san Kumasi ba: mun daɗe da Asante har mun ɗauki wata al'adarsu. Baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi a tsaye. Sai ya bi mutane ya gaisa, an ba shi wurin zama, an ba shi ruwa, sannan maigida ya tambayi amanne, wato saƙon da ke tafe da shi. A gaban kowa ake faɗa, kuma akwai mai isar da magana tsakani. Da wata ce marar tarbiyya da ta tsaya a ƙofa ta ce ba ta same ni ba ta juya. Madam Adwoa kuwa ta cire takalmi, ta yafa ɗan gyale a ka, tana zaune a benci gaban Baba Malam da kofi a hannu, zaure cike da ɗalibai.

"Yawwa, ga Ticha," in ji Baba Malam. "Zo ka tsaya mana tsakani. Tambaye ta amanne."

A nan wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa wanda Allah ya so ya kunyata. Baba Malam ba ya jin Turanci. Sai na yi sauri na tambaye ta da Turanci, ita ma ta amsa da shi. Ta yi bayani tiryan-tiryan, sunan bankin, dalilin zuwa, gidan Sofoline, komai. Na juyo ina zufa na ce, "Baba, ta ce daga wajen aiki aka turo ta, ta ga lafiyarmu."

Baba Malam ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Baiwar Allah ta yi magana mai tsawon daga nan zuwa Sofoline, har na ji ta ambaci Sofoline ɗin. Kai kuma ka kawo mini taku biyu."

Ya juya wajenta ya saki Twi, harshen Asante. A Kumasi aka haife shi, da Twi ya yi cinikin goro kafin ya zauna karatu, Twi ɗinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Duk na san wannan. Tsoro ne ya sa na yi kamar ban sani ba. Ya ce mata, 'yata, faɗa mini da harshen gida.

Ta gyara zama, ta ɗora tafin hannu a kan tafi, ta ce, "Mepa wo kyɛw, Nana," wato tana neman izinin dattijo, sannan ta kwashe komai ta zuba. Wai ɗansa yana neman bashin sayen gida a wurinsu. Wai watanni yana zuwa, ba ta taɓa ganin mai naci da ladabi irina ba, lallai an yi mini tarbiyya (yabona take yi, jama'a, da zuciya ɗaya). Wai abu ɗaya ya rage, in zaɓa tsakanin ruwa mai tsayawa da mai hawa da sauka, ko Nana, wato shi Baba Malam, zai taya ni shawara tunda shi babba ne.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa, wanda ya fi kowa jin haushin abokina, ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Mma Lariba daga bakin ƙofa ta ce, "Ei, Ticha!" Na dubi ƙasa ina neman ko da ramin tururuwa ne.

Baba Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe abokin naka ya taso daga Ayigya."

Na ce, "Ya taso, Baba."

"Ya kyauta. Ka gaishe shi."

Ya yi wa Madam godiya, ya sa aka ba ta goro, ya ce in raka baƙuwata. A hanya tana ta yaba kirkin tsohon, ni ina ta cewa yoo, yoo, wato to, to. Da na dawo Memuna ta ajiye mini tuwo ta rufe bakinta da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

Kuna tsammani bayan wannan na samu gidan? Ko kusa. Ba da daɗewa ba banki ya kira. Shekarun da suka rage mini kafin ritaya ba su da yawa, dole a matse bashin a cikinsu, abin da za a riƙa cira kuma ya wuce abin da suka yarda a taɓa a albashi. Abin da za su iya ba ni ba zai sayi ko falon ba. Ba tsuntsu ba tarko. Zunubin ban samu na aikata ba, mutuncin kuma ban tsira da shi ba. Na koma gida a trotro ina jin kamar an zare mini laka. A unguwa kuwa ko waake, shinkafa da wake, na je saya sai an ce, "Ticha, a zuba har da na aboki?"

Na yi ta kauce wa zaure, har wata safiya Baba Malam ya aika a kira ni. Na je na durƙusa ina jiran wa'azin da na ci bashinsa. Bai yi ba. Ya ce, "Me ya kore ka daga gidan ubanka?"

Na buɗe baki zan kawo wani dogon zance, sai na ji na gaji da dogon zance. Na ce, "Baba, Sadiya ta girma. Labule ne tsakaninmu."

Na ga ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Jiya-jiya aka yi sunanta." Sannan ya ce in tafi.

Washegari na dawo daga makaranta na tarar da manyan Alhazai, har da mai atamfa, suna fito da littattafai daga ɗan ɗakin da ke kusa da na matarsa a cikin gida. Littattafan kakanmu ne, ɗakin da ko shara ba ya bari a shiga a yi sai yana tsaye. Ya sa aka jera su a bangon zaure, har wurin zamansa ya matse. Ya miƙo mini makulli a gaban kowa.

"Ka kai wa abokinka. Ka ce masa wannan babu ruwa a kansa. Kuma ya daina aiko ka, in yana da magana ya zo da kansa."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma idona ya cika har ban ga makullin sosai ba.

Har yanzu ba ni da gida. Na Sofoline wani ya saya ya yi masa fenti kore, ina ganinsa ta tagar trotro in kau da kai. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in za ka ƙirƙiro aboki, kada ka ba banki adireshinsa, kuma kada ka yi wa wanda aka haifa a Kumasi tafinta. Na kashe takalmi ina kai wa baƙi takardu, alhali magana ɗaya ce ta rage in faɗa a zauren da nake wucewa kullum.

Labulen dai mun cire shi, Memuna ta mayar da shi zanen gado. Sadiya kuwa ta sa wa ƙofarta kwaɗo, ni ma sai na yi sallama ta ce in shigo.