"Same to you" a zaman makokin Baba

Ba zan taɓa mantawa da zaman makokin mahaifinmu a Gumel ba. Baba dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, kuma rabin abincin gidanmu daga hannun mutum ɗaya yake fitowa: Oga Sunday, wani dattijo ɗan Kudu da ba ya sayen saniya sai ta hannun Baba. Da Baba ya rasu, kowa ya zuba mini ido in riƙe wannan ciniki, tunda ni ne babba, kuma ni ne wai ɗan boko (sakandare ce, ita ma da ƙyar).

A lokacin akwai wata 'yar jimlar Turanci da na tsinta a waya, "same to you", wato kai ma haka. An ce mini barka da sabuwar shekara na mayar da ita, ta zauna daram. Shi ke nan na ɗauka kowace gaisuwa ta samu amsa. Ban taɓa tambayar kowa inda ba a faɗinta ba.

Ranar sadakar uku sai ga Oga Sunday, yana dogara sanda, ciwon suga ya cinye shi. Ya tsuguna cikin dattawa, ya riƙe hannuna, idonsa ya kawo ruwa, ya yi addu'a da Turanci cewa Allah ya ba Baba hutu a kabarinsa. Maimakon in ce amin kamar kowane mai hankali, sai na gyara zama don kawunnaina su ji boko, na ce, "Same to you, sir."

Ƙanena da ke kwaleji ya sunkuyar da kai. A nan na gane na yi wa mara lafiya fatan kabari, a gaban jama'a. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon ya saki hannuna a hankali, ya ce da Hausa tsantsa, "Amin, ɗana. Amma ka bari in kai gida tukuna."

Bai yi faɗa ba. Sai dai da kasuwa ta ci, na hango shi a rumfar wani dillali, ya ɗaga mini hannu daga nesa, kuma har yau daga nesan muke gaisawa. Na yi kuka ranar, na rashin uba da na wauta.

Yanzu kowace kalmar Turanci na tsinta, kafin in tambayi ma'anarta, sai na fara tambaya ko ana zuwa da ita gidan mutuwa.