Tambai da Tuɓaɓɓen Sarkin Rafi

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, aka tuɓe Barmo daga sarautar Sarkin Rafi, mai raba wa 'yan lambu ruwa, aka naɗa Cindo, surukin dagaci. Dagaci ya ce murabus ne. 'Yan lambu suka ce tsigewa ce. Barmo kuwa ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure, tuwon da aka kai masa ya dawo yadda aka kai shi.

Mutum ɗaya ne bai gane abin da ya faru ba, Tambai, ɗan aiken Sarkin Rafi. Magidanci ne har da furfura, yana zaune bayan masallaci da tsohuwarsa Iya Delu da matarsa Ladingo, mai haƙuri. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa ba shi gadin gero, aka ce kada ya bar tsuntsu ya sauka. Tsuntsu bai sauka ba. Awaki ne suka cinye gonar yana kallo.

Wata rana Cindo ya kira shi. "Je ka zauren Barmo ka kwaso duk abin da ke ciki, na sarauta ne." Tambai ya kawo sanda, ya kawo buzu da tabarma. A zuwa na ƙarshe sai ga shi goye da Malam Jatau, makahon da ya daɗe yana cin abinci a zauren.

"Wannan fa?" in ji Cindo.

"A ciki na same shi, ranka ya daɗe."

Malam Jatau ya laluba ya zauna, ya ce shi ba ya son kunu da tsami. Cindo ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Dole ya aika cikin gida a dama.

Wata rana Cindo ya ji Tambai yana cewa Sarki bai ci abinci ba. Ya daka masa tsawa: "Sarki ɗaya ne a rafin nan! Kada ka ƙara kiransa haka." Tambai kuwa bakinsa ba ya iya kama sunan babba. Kullum da safe sai ya durƙusa a ƙofar ɗakin Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda aka hana ni faɗa, an tashi lafiya?" Ƙyaure dai a rufe. Inna Kande, matar Barmo, ta ce ruwa kawai yake sha, idonsa duk ya faɗa. Masu cika zauren a da kuwa sun sake hanyar zuwa masallaci.

Wata rana da hantsi Tambai ya gama gaisuwa ya ƙara da, "Akwai aike?" Sai murya ta fito a shaƙe: "Akwai. Je ka gaya wa mutanen garin nan na mutu, su huta."

Ya bi gari gida gida, har lambu. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika. Inna Kande ta leƙa ɗaki ta ga mamaci zaune, ta leƙa waje ta ga jama'a, sai kawai ta miƙo tabarmi.

"Bai taɓa hana maraya ruwa ba," in ji wani.

"Shekarar fari albasarsa ya bari ta bushe, tawa ta sha," in ji wani ɗan lambu.

Cindo ya share ido ya ce, "Wallahi ban nema ba, ɗora mini aka yi."

Liman ya miƙe don a shiga wanka, sai ƙyaure ya buɗe, ga Barmo dafe da bango. Aka watse, har dagaci ya bar takalmi.

"Tambai! Me ka yi mini?"

"Na gaya musu, ranka ya daɗe. Ga su nan, amma ba su huta ba."

Barmo ya dubi takalman da ke zube, ya yi dariya har hawaye ya zubo. Ya ce, "Kande, akwai sauran tuwo?"

Sarauta dai ba ta dawo ba. Da jama'a suka komo suka ɗebi takalmansu suka tafi, ga waɗanda suka rage a bakin akushi: Barmo, liman, mai albasar nan, ni mai ba ku labarin nan, da mai haƙa kabari yana tambayar yadda za a yi da ramin, sai Tambai, da ba wanda ya ce masa ya tafi.