Kabewar Maƙwabta

Ba zan taɓa mantawa da lokacin kaka na farko da na yi a Manchester ba, wallahi har yau in na tuna sai na rufe fuska. Lokacin ina amarya, na biyo maigidana da ke karatu a jami'a, muna wani ɗan flat a Whalley Range. Sai ga waya wai gwaggonsa Laraba za ta zo daga Birmingham ganin amarya. Ita Gwaggo, duk abin da ta ci a gidanka, kafin ka wanke kwano labarinsa ya isa kunnen surukata a Kano. Ni kuma don rawar kai na ce miyar taushe zan yi mata (alhali ko hanyar kanti ban sani ba).

A unguwar akwai al'adar da ta burge ni. In mutum ya gaji da kujera ko tukunya, sai ya ajiye a bakin ƙofa, mai so ya ɗauka. Haka muka sami teburinmu.

Ranar da Gwaggo za ta zo, ina leƙawa da safe sai ga kabewa ƙatuwa, jawur, a kan katangar maƙwabta. Kai, har tsalle na yi! Na ce Allah sarki Turawa, har sun fafe ta sun kwashe 'ya'yan. An ɗan yanke wasu wurare a jikinta, na ce ai inda ta fara ruɓewa ne suka cire. Akwai guntun kyandir a ciki, na adana shi don ranar da za a ɗauke wuta (a Ingila fa, jama'a). Na ɗora ta a ka na shige gida ina waƙa.

Miya ta yi miya! Alayyahu, gyaɗa, daddawar da na ɓoyo cikin akwati, ga tuwon shinkafa. Gwaggo ta kai loma ta lumshe ido.

"Amarya, wa ya koya miki girki haka?"

Ina cikin sunkuyar da kai irin na kunyar ƙarya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baturiyar maƙwabciyarmu ce, riƙe da 'yarta mai baƙar riga da hula mai tsini, yarinyar tana kuka kamar ranta zai fita. Cikin ladabi matar ta ce ta hango ni ta taga. Wai jiya yarinyar ta wuni tana sassaƙa wa kabewar ido da hanci da haƙora, don yau ne bikinsu na Halloween, wanda ake kunna kyandir a cikin kabewa a ajiye a ƙofar gida don ado. In na gama kallonta, ko zan dawo musu da ita?

Ni da ruɗewa sai na nuna mata tukunya. Yarinyar nan ta ƙwalla ƙara, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigidana ya zari takalmi ya nufi kantunan Rusholme neman wata kabewar, yana ba da haƙuri har ya sha kwana.

Gwaggo kuwa ta yi dariya har da hawaye, ta miƙo kwano ta ce, "Ƙaro mini hancin, amarya." Kafin la'asar ina jinta a waya da surukata: "Girki kam ta iya, sai dai kada ku ajiye komai a bakin ƙofa."

Tun daga ranar, duk abin da na gani a ƙofar gidan Bature, in dai yana da ido da baki, gaishe shi kawai nake yi in wuce.