Yarima Mai Takobi Biyu da Kwaɗon Bakin Kogo

Duk faɗin Bengaluru, da cunkoson motocinta da dogayen benayenta, ba a haifi gwanin haɗa tawaga kamar Purandar Kamath ba. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka, kuma wa ya fi shi sanin kansa? A kamfaninsu na manhajar kwamfuta Janar Daidaito ake ce masa, a bayan ido, don ko abincin rana zai ci sai ya yi wa shinkafa da miya bayanin matsayin kowa a faranti.

To, ƙanin matarsa, Nandish, yana da abokan wasan labari da suke haɗuwa duk Asabar da rana a gidan Sumedha, hawa na huɗu, a Jayanagar. Sumedha ke jan labarin, kowa ya riƙe jaruminsa, ɗan lido mai fuska ashirin ya yanke hukunci. Nandish mayaƙi ne, Rukhsar maharbiya, Ebenezer ɓarawo mai buɗe makullai. Mai maganinsu ya samu aiki a Pune ya tafi, ga shi sun kusa kogon dodo. Mutum ɗaya tak suke nema ya riƙe jakar magani. Tsautsayi ya sa Nandish ya yi zancen a gaban mijin yayarsa.

Janar ya iso da ɗan mutum-mutumin jaruminsa da ya sa aka ƙera masa, har da gashin baki irin nasa sak. Sunansa Yarima Viradhwaja Mai Takobi Biyu. Tarihinsa kuwa, da ya rubuto, sai da kofin kowa ya huce kafin a kai ga yaye shi.

"Yara," in ji shi, "ba magani kuka rasa ba, shugabanci kuka rasa. Tawaga jiki ce. Ga hannu, ga ƙafa, kai ne babu. To, ga kai ya zo."

"Bhava, mai magani fa muka ce," in ji Nandish a hankali, don haka ake kiran mijin yaya a can.

"Ni? In bi bayanku da jaka ina shafa muku man zafi? Mutum arba'in ke ƙarƙashina a ofis! Wanda ya iya shiri ba ya jin ciwo."

Rukhsar ta ce to ita ta ajiye baka ta ɗauki jakar, a huta. Janar ya ɗaga hannu ya ce sam, a tsarinsa kowa na nan inda ya dasa shi. Sumedha, da yake mace ce mai tausayi, ta sa musu wani ɗan tireda a hanya yana tallar maganin dafi. Yarima ya leƙa kwalbar ya yatsina fuska, ya zaɓi hular kwano mai ruwan zinare da gashin dawisu. Girman kai dai rawanin tsiya ne, shi kuma ya iya naɗi.

A bakin kogo Janar ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya yi wa dodo jawabi mai sassa uku kan amfanin miƙa wuya da wuri. Dodo bai leƙo ba. Wani ɗan kwaɗo ja ne ya yi tsalle ya zauna a kan takalmin Yarima.

"Na shure shi," in ji Janar, ya cilla ɗan lido kamar mai ba da sadaka.

Ɗaya ya fito, lambar da ta fi kowace muni. Sumedha ta sanar, tana cizon leɓe, cewa Yarima ya zame, ya faɗi da baki a kan kwaɗo, kwaɗon kuma mai dafi ne. Duk zagaye sai ta rage masa lafiya. Dafi ne da ko mai maganin da ya fara koyo jiya zai karya shi da ganye ɗaya. Janar ya fara gumi na gaske, don ya riga ya tura hoton Yarima a zauren hirar ofis na waya, ya yi alkawarin kawo labarin nasara ranar Litinin.

"Ina mai magani?" Ya buga tebur. "Wace irin tawaga ce wannan babu mai magani? Wane sakarai ne ya tsara ta?"

Ebenezer dai ya sunkuya ƙarƙashin tebur neman wani abu da bai faɗi ba, kafaɗunsa na rawa.

Haka Yarima ya cika, takubbansa biyu na cikin kube. A al'adar teburin, duk wanda jaruminsa ya mutu shi ke sauka ya sayo wa rayayyu kofi da vada, wani irin ƙosai nasu. Janar ya sauka, ya bi layi, ya hawo yana haki, ya tarar su ukun sun lallaɓa sun kashe dodo, suna ta tafawa.

Rukhsar ta karɓi kofinta ta kurɓa, ta lumshe ido.

"Yallaɓai, wallahi ka iya aikinka. Yau kam tawaga ta daidaita. Ashe ba mai magani muka rasa ba, ɗan aike muka rasa."