Samaniyar Injiniya Mahadi

Akwai wani mutum a garin Gusau da ya cuci al'umma, kuma ya san kansa, ba sai na kama suna ba. Shi ne wanda ya fara buɗe baki ya kira Mahadi da "Injiniya". Tun daga ranar kan bawan Allahn nan ya kumbura, hula ta daina shigarsa, har ta kai shi ga tsayawa gaban Hajiya Ladidi ya bugi ƙirji ya ce:

"Hajiya, samaniyar da Turawa suka sa a faifan nan ta koɗe. Ni zan ƙera miki sabuwa. Ranar da aka haska ta, mutanen Tsafe ba za su ƙara ɗaga kai su kalli ta waje ba."

"A'uzu billahi! Kai, iya bakinka," in ji Hajiya. "Hoto na ce, ban ce ka shiga aikin da ba naka ba."

To, aboki, bari in gaya maka ko wane ne wannan sarkin cika baki. Mai buga takardu ne a shagon Alhaji Tukur, kusa da tasha. Lokacin jiha sabuwa ce, kowa na neman aiki, kowa na son a buga masa takarda, shi kuwa Mahadi da yatsa biyu yake bugawa, kamar kaza na tsattsagar tsaba. Iyakar injiniyancin ke nan.

Ita kuwa Hajiya Ladidi makarantar kuɗi gare ta a Tsafe. Ƙaninta ya kawo mata kwamfuta daga Jidda, da majigin haska hoto a bango, da wani faifai da in an sa shi sai ka ga kamar kana cikin jirgi kana ratsa sararin samaniya. Ka wuce wata, ka wuce rana, har ka iske wani gungun taurari a naɗe kamar gammo. Hoton gungun nan ne ya yi dishi-dishi. Da aka kira Mahadi ya duba, garin taɓe-taɓen banza ya gano ana iya cire shi a sa wani a gurbinsa, shi ke nan sai ya ɗauka shi da wanda ya ƙera faifan ajinsu ɗaya.

Hajiya na neman wanda za ta damƙa wa makullin ɗakin kwamfuta. Ofis ne da fanka, da kujera mai juyawa. Kujerar nan ita ta hana Mahadi sukuni.

"Ranar rabon kyaututtuka iyaye za su taru," ta ce. "In ka burge su, makulli naka ne. In ka kunyata ni, ko inuwar katangata kar ka ƙara sha."

"Hajiya, ki sa a goge kujerar kawai."

Da ya koma Gusau sai ya buɗe wurin zane a kwamfutar shago, ya baƙanta fuskar, ya kama maus yana ɗiga taurari ɗaya bayan ɗaya. Masu son a buga musu takarda suna layi, gogan naka yana halitta. Alhaji Tukur ya leƙo ta bayansa ya daɗe yana kallo.

"Mahadi, wa ya kamu da ƙyanda?"

"Taurari ne, Alhaji."

"To Allah ya ba su lafiya."

Kafin ya ba da amsa aka ɗauke wuta. Bai adana ba. Taurari suka tafi inda suka fito.

Mai hankali da ya tsaya nan. Mahadi kuwa cewa ya yi ai dama zane aikin yara ne, ƙwararru hoto suke ɗauka. Ya ɗauko Mamman mai hoto, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi angwaye nisa ba, suka hau bas sai Bungudu, gidan su Mahadi, wai can babu fitilun da za su dame su. Bayan sallar isha'i Mamman ya ɗaga kyamara sama, ya sauke.

"Injiniya, ka ce musu su ɗan matso. Filashina ba ya kaiwa can."

"Danna kawai, malam! Kai me ka sani a kimiyya?"

Mamman ya yi ta dannawa har fim ya ƙare. Ya koma Gusau ya wanke, ya aiko da hotunan. Duk baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, in ban da guda ɗaya da ya fito tangaran: kunnen Mahadi da gefen hularsa.

Yana zaune a tsakar gida yana juya hoton kunnensa, sai ya ga Inno, mahaifiyarsa, ta kaɗe hannu a kan wani baƙin faranti. Gari ya watsu a kai, fari-fari, wani wuri cunkus, wani wuri tsilli-tsilli. Mahadi ya zabura har ya ture buta.

"Inna! Ki ba ni garin gero. Da ɗan tsaki a ciki, manyan taurari ke nan."

"Mi za ka yi da shi? Kunu kaka so?"

"Ba ci za a yi ba. Aikin kimiyya ne, ba za ki gane ba."

Inno ta dube shi sama da ƙasa. "Awo. Tunda ba ci za a yi ba, ba ni taɓa na tuwo." Ta shiga ɗaki ta kwaso masa wani tsohon gari da ta ware wa kaji, ta ƙulle a leda. Injiniya bai duba ba. Manyan masana ba sa duba leda.

A shagon Alhaji Tukur akwai sikana, na'urar da ake kwantar da takarda a kan gilashinta ta kwafe ta cikin kwamfuta. Mahadi ya jira Alhaji ya tafi masallaci, ya barbaɗa gari a gilashin, ya sa yatsa ya naɗe shi kamar gammo, ya bar murfin a buɗe don bayan ya fito baƙi. Ya danna.

Wallahi zan faɗi gaskiya ko da ba na so: abin ya yi kyau. A ƙaramar fuskar kwamfutar nan sai ka rantse daga sama aka ɗauko shi. Har da wani dogon zane mai ƙyalli a gefe, wanda shi kansa bai san daga ina ya fito ba. Bai tambaya ba. Ya zuba hoton a fulofi, ɗan faifan ajiya na lokacin, ya hure gilashin da baki, garin ya shige cikin na'urar, ya kama hanyar Tsafe, ya je ya sa shi a gurbin tsohon.

Ranar taro an toshe tagogin zauren da barguna, janareto na ruri a waje. Iyaye sun cika maƙil, yawancinsu manoma da 'yan kasuwar hatsi, wasu tun daga Bilbis. Mahadi ya fito da kwat ɗin aro da ta fi ƙarfin kafaɗarsa.

"Jama'a, ku riƙe hulunanku. Yau zan kai ku inda ko matuƙin jirgi bai taɓa zuwa ba."

Aka wuce wata. Aka wuce rana. Sai ga gungun taurari ya cika bango, yana juyawa a hankali. Zaure ya ɗauki kabbara. Wata tsohuwa har da share hawaye.

"Malam, wancan dogon fa?" wani ya tambaya daga baya.

Mahadi ya dubi zanen nan mai ƙyalli, ya gyara kwat. "Tauraruwa mai wutsiya ce. Irin wadda kuka gani bara. Ni na kamo ta."

Aka sake kabbara. Hajiya Ladidi ta buɗe jaka, ta ciro makulli, ta riƙe a hannu. Ya gani da idonsa. Abin da ya rage masa kawai ya ce wassalamu alaikum ya miƙa hannu.

Amma ina! Tafi ya shiga kansa.

"Ai ba ku ga komai ba tukuna. Bari in kai ku har gindinta."

Ya danna, jirgi ya nufi tauraruwa. Tana matsowa tana girma. Wutsiyar ta yi kauri. Can a ƙarshenta wani abu ya fara bayyana, baƙi, mai sheƙi, ya kai girman ɗan maraƙi. Da dogon baki. Da ƙafafu.

Abin da ya faru shi ne, lokacin da hasken sikana ke wucewa, wani ƙwaron hatsi na tsakiyar tafiyarsa a kan gilashi, shi ya sa na'urar ta ja shi ya yi tsawo.

"Tauraruwag ga ƙahwahu gare ta!" wani dattijo ya yi ihu.

"Duwatsu ne," in ji Mahadi. "Duwatsun da ke... kewaye da ita."

"Duwatsu da gashin baki?"

Ya murɗa maus don ya gudu, jirgi ya faɗa tsakiyar gungun. Nan ne fa asiri ya tonu gaba ɗaya. Ga wani ƙwaron ya yi rigingine. Ga biyu suna kokawa a kan tsaki. Ga ɓawon gero kamar kwale-kwale. Ga shatin babban yatsan Injiniya, daga wannan kusurwar samaniya zuwa waccan.

"Wanga ai gero na!"

"Kuma tsoho! Ko kyauta anka ba ni ba ni ɗauka!"

"Malam, samaniyar taka na son shanya!"

Tsohuwar da ta yi hawaye ta miƙe tana gyara mayafi. "Ashe garin kaji munka yi ma kabbara? Allah ya isa, ɗan nema!"

Mahadi ya yi ta danne-danne yana neman hanyar fita, ƙwaro na ƙara kusantowa har bakinsa ya cika bango. Sai da wani ya je ya kashe janareto.

Da aka yaye barguna, Hajiya Ladidi na tsaye a gabansa. Ta mayar da makulli cikin jaka a hankali, ta ja zif, yana jin ƙararsa har cikin haƙori.

"Hajiya, kuskuren na'ura ne. Ko mataimaki ne ki ba ni. Ko mai share ɗakin."

"Wallahi na so in taimake ka," ta ce. "Akwai gurbi a kicin ɗin 'yan kwana, ana neman mai tankaɗe. Amma mutumin da ƙwaro ya kai girman maraƙi a gabansa ya ce tauraro ne, ni ba zan damƙa masa abincin 'ya'yan mutane ba."

Ka ji fa. An je neman kujera mai juyawa, an faɗi jarrabawar rariya. In kuma kana ganin ƙari na yi, ga mota nan a tasha. Je Tsafe ranar kasuwa, ka tsaya a layin 'yan hatsi, ka ɗaga murya ka ce ƙarya ne, ka gani ko za ka gama rufe baki.