Shawarar Majalisa a Kan Ruwan Kogi

A dajin Kwargaba kowa ya san matsayinsa. Toron Giwa da 'yan majalisarsa suna zaune a kan tudu, inda iska ke kaɗawa, ga maɓuɓɓugar ruwa mai sanyi. Birai suna riƙe da sana'ar gawayi a gindin tudun. Kuraye suna da majema a bakin kogi, inda suke jiƙa fatu. Sauran dabbobi kuwa suna can ƙasa cikin kwari, inda hayaƙin gawayi ke kwantawa, ruwan majema kuma ke gangarawa.

A cikin kwarin nan wata zomanya take, sunanta Tabawa, raminta na ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya. Tana ƙarama inuwa ta rufe kwarin, damina kuma ba ta saɓa lokaci. Yanzu itatuwa sun ƙare a ramin gawayi, ƙasa ta yi zafin da ba a iya takawa da hantsi. Ruwan sama sai ya yi ta jinkiri, ran da ya zo kuma ya cika ramuka. Tari ya kashe mata ɗa, gudawa ta kashe wani. Saura auta, Kandala, ita ma tana kwance. Da 'yan kwari suka nemi wanda zai kai kuka majalisa, sai suka zaɓi Tabawa, don ita ce ba ta da sauran abin tsoro.

Ta hau tudu, ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, 'ya'yanmu suna mutuwa. Abin da muke shaƙa hayaƙi ne, abin da muke sha ruwan jima ne. Itatuwan da ke tare mana rana an ƙone su. Mun zo a duba mu."

Toron Giwa ya kaɗa kunne, ya ce magana ce mai nauyi, a ji ta bakin masu ruwa da tsaki.

Ɓaidu, shugaban birai, ya miƙe ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ina yi wa baiwar Allah ta'aziyya. Amma kowa ya san hayaƙi sama yake yi, zomaye kuwa a rami suke kwana. Ban ga inda suka haɗu ba. Zafi kuma daga rana yake, rana kuwa ba ma'aikaciyarmu ba ce."

Magajiyar kuraye ta ce kogin bai lalace ba, launi kawai ya sauya, kuma duk dajin da ya ci gaba haka kogunansa suke. Aka tambaye ta ko tana sha. Ta ce likita ya hana ta ruwan kogi.

Sai aka juya ga Ungulu, wadda ke riƙe da ma'aikatar lafiya, kasancewar babu wanda ya kai ta bibiyar marasa lafiya. Ta yi ƙiba sosai a 'yan shekarun nan, har tashi yana yi mata wuya.

"Na zagaya kwarin da kaina," in ji ta. "Duk gidan da aka yi rashi ni ce ta farkon zuwa. Abin da na gano shi ne, talakawa ba sa tafasa ruwa. A tafasa ruwa, a zauna lafiya."

Tabawa ta ɗaga kai. "Ranki ya daɗe, da me za mu tafasa? Babu ko ƙirare a kwarin."

"Da gawayi mana," in ji Ɓaidu cikin tausasa murya. "Za mu ƙara yawansa saboda halin da ake ciki."

Majalisa ta yaba da wannan kishi. Aka zartar cewa kowane gida a kwari dole ya tafasa ruwa, wanda ɗansa ya mutu bai tafasa ba, laifinsa ne. Aka gode wa Tabawa da ta jawo hankalin hukuma, aka ba ta ruwan maɓuɓɓuga a ƙoƙo. Ta roƙi a bar ta ta kai wa 'yarta. Aka ce ƙoƙon na majalisa ne, ba ya fita. Ta ajiye shi ba ta sha ba.

Ta isa gida ta tarar da Kandala idonta biyu, leɓɓanta sun bushe.

"Inna, me suka ce?"

"Sun ce a tafasa ruwa."

Ta je ta bi layi wajen birai, ta samo gawayi, ta hura wuta a bakin rami. Ruwan ya tafasa, warin jima yana nan yadda yake. Ta fifita shi ta ba yarinyar, hayaƙi yana shiga ramin, su biyun suna tari.

Doka ta karɓu ƙwarai, har gawayi ya yi ƙaranci. Wata safiya Tabawa ta ji ƙasa na girgiza, ta leƙo. Birai ne da gatura sun kewaye tsamiyar. Babbansu ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi mai jiki.

"Da sauƙi," in ji Tabawa.

"Allah ya ƙara sauƙi. Inna, a ɗan fito da ita gefe, ta nan itacen zai faɗi."